Yadda Ake Kafa Agogon da Ba Ya Ɓacewa a Allon Rediyon Mota

Tun da rediyon mota mai faffaɗan allo na Android ya yawaita, har ya zama da wuya ka shiga Corolla ko Accord 'yar Kwatano ba ka tarar an cire na asali an sa shi ba, tambaya ɗaya ce masu karatu ke ta maimaitawa: yaya za a yi agogo ya tsaya a allon, ya daina ɓacewa da zarar an buɗe manhajar kiɗa ko ta karatu? Mutum yana kan hanyar Zariya zuwa Kaduna yana sauraren tafsiri, manhajar ta mamaye allon baki ɗaya, sai ya zaro wayarsa daga aljihu, sitiyari a hannu ɗaya, kafin ya san ko la'asar ta yi. Wannan ganganci ne da rai, kuma laifi ne da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke kama direba a kansa.

Aikin kashi biyu ne, kuma jerinsu yana da muhimmanci. Da farko a tabbatar rediyon yana riƙe lokacin da yake daidai, daga baya a nemi hanyar da za a kafa shi a gaban ido. Agogon da ke allo kullum amma yana nuna lokacin ƙarya ya fi rashin agogo illa, domin za ka yarda da shi, kuma a watan azumi kowa ya san abin da kuskuren minti goma ke jawowa.

Kayan da za a tanada

Idan matsalar ta saiti ce kawai, wayar hannu mai data da za ta ba rediyon intanet ta ishe ka, sai kuma filas idan rediyon ba shi da Play Store. Idan ta kai ga buɗe dashbod, za a buƙaci mitar awon wuta, sukudireba mai kan kuros, sifana mai lamba 10 don kwance kan batir, kayan roba na ɓamɓare murfin dashbod, filaya, da baƙin tef na masu wayarin. Kada a yi amfani da wuƙa ko sukudireba wajen ɓamɓare murfin, domin robar da ta sha rana shekara da shekaru tsagewa take yi nan take, kuma neman irinta a Ƙofar Ruwa ko Panteka ya fi kuɗin kayan ɓamɓarewar tsada nesa ba kusa ba.

Ta fuskar kashe kuɗi, matakan saiti ba sa cin komai sai 'yar data, domin manhajojin agogo ƙanana ne ƙwarai. Inda kuɗi ke fita shi ne ladan mai wayarin, idan an kai ga mataki na 3, da sayen fis idan ya ƙone.

1. Gane irin rediyon da ke motarka

Ba kowane allo mai taɓawa ne Android ba. Akwai masu araha da ake rubuta MP5 a jikin kwalinsu, suna kunna bidiyo da Bluetooth, amma ba a iya sa musu wata manhaja. Ka shiga "Settings" ka nemi "About" ko "System info". Idan ka ga lambar Android, kuma akwai Play Store ko Chrome a cikin manhajojin, to duk matakan nan sun shafe ka. Idan babu, ko kuma rediyonka irin siririn nan ne mai maɓallai na Pioneer, Sony, Kenwood ko JVC, ko na asali da ya zo da motar, ka bi mataki na 2 da na 3, sannan ka tsallake zuwa na 8 da na 9.

2. Gwajin kwana ɗaya

Da yamma, ka daidaita agogon rediyon da na wayarka, ka ajiye tashar FM guda a maɓalli na farko, ka kashe mota, ka zare makulli. Da safe ka kunna, ka dubi abin da allon ya nuna a daƙiƙun farko, kafin ka haɗa shi da intanet.

Idan agogon ya koma 12:00 ko 0:00 kuma tashar da ka ajiye ta goge, wuta ce ke yankewa rediyon idan an zare makulli, gyaran yana mataki na 3. A rediyon Android tashar ba lallai ta goge ba, domin yana adana ta a ma'ajiyarsa. Alamar da za ka duba ita ce kwanan wata ya koma wata tsohuwar shekara, sannan ya gyaru da kansa bayan 'yan mintuna da fara tafiya. Idan kuwa mintunan daidai suke amma awannin sun kauce, to yankin lokaci ne ba daidai ba, kuma babu dalilin taɓa ko da sukuru ɗaya. Ka wuce mataki na 4 kai tsaye.

3. Gyara wayar da ke riƙe lokaci

Kafin a buɗe komai, a fara duba fis. A motocin Honda da yawa, fis ɗin da ke ba rediyo wutar riƙe lokaci an rubuta masa "Back Up", a Toyota da yawa kuma "Dome" ko "Radio". Zanen da ke cikin murfin akwatin fis zai nuna maka gurbinsa. Idan ya ƙone, a sauya shi da mai lamba iri ɗaya.

Gargaɗi: kada a yarda a naɗa siririn waya ko takardar sigari mai ƙyalli a madadin fis, kada kuma a sa mai lamba 20 a gurbin mai lamba 10. Aikin fis shi ne ya ƙone kafin wayoyin mota su ƙone.

Idan fis lafiya yake, sai a zaro rediyon. A bayansa akwai damin wayoyi masu launi, kuma a kusan duk rediyon da ake saya a kasuwa launukan ma'anarsu ɗaya ce. Mai ruwan ɗorawa ita ce ke ɗaukar wutar batir ta dindindin, ita ke riƙe agogo da saiti ko mota tana kashe. Ja ita ce ke samun wuta idan an murɗa makulli, ita ke gaya wa rediyo ya tashi. Baƙa ana haɗa ta da ƙarfen jikin mota. Mai ruwan goro tana haɗe da fitilun mota, kuma za mu dawo kanta a mataki na 7.

Ka sa mitar a kan awon DC na volt 20, ka ɗora baƙin tsinkenta a kan ƙarfen jikin mota inda babu fenti, jan tsinken kuma a kan wayar da za ka auna. Makulli yana hannunka, mai ruwan ɗorawa ya kamata ta nuna volt 12 da ɗan wani abu. Batir mai cikakken caji yakan nuna wajen 12.6. Ja kuma ta nuna sifili. Ka sa makulli ka murɗa zuwa ACC, wato matakin da rediyo ke kunnuwa ba tare da an tayar da injin ba, sai jar ta tashi zuwa 12 ita ma. Duk wani sakamako da ya saɓa wa wannan yana nufin an yi kuskuren haɗi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a murɗe ja da mai ruwan ɗorawa wuri ɗaya a jona su da wutar makulli. Abin da ya same ni ke nan a motata. Wanda ya sa mini rediyon ya gama, ya kunna, kiɗa ya tashi, na biya na tafi ina murna. Kwana uku ina gyara agogo kowace safiya kafin na zaro rediyon, na tarar da wayoyin biyu a naɗe cikin tef ɗaya da zafi ya riga ya fara narkar da shi, wayar batir ta motar kuwa tana rataye a gefe, ba a ma fere bakinta ba. Kishiyar wannan kuskure ita ce a jona su duka da wutar dindindin. A nan agogo zai zauna daram, amma rediyon ba zai san an kashe mota ba, kuma wata safiya za ka tarar batir ya kwanta.

A wasu motocin Turai, musamman tsofaffin Volkswagen da Audi da Opel, gurbi na 4 da na 7 na soket ɗin wuta a juye suke idan aka kwatanta da na sauran motoci. Shi ya sa damin wayoyi da yawa ke zuwa da 'yan mahaɗai a tsakiyar ja da mai ruwan ɗorawa: ana cire su ne a musanya, ba sai an yanka komai ba.

Gargaɗi na farko, kuma shi ne mafi girma a duk wannan jagora: launukan da na lissafa na wayoyin da suka fito daga rediyon ne, ba na motar ba. A jikin motar kanta, soket ko bututun waya mai ruwan ɗorawa alama ce ta layin jakar iska ta kariya. Kada tsinken mita ya kusance shi, kada kuma a ɗebi wuta daga gare shi.

Gargaɗi na biyu: ana awo da batir a haɗe, amma ba a yanka ko jona waya sai an kwance kan batir na negatif. Idan motarka tana da rediyon asali mai lambar sirri, irin na Honda, ka tabbata kana da lambar kafin ka kwance batir, domin zai kulle ya nemi a shigar da ita.

Gargaɗi na uku: a motocin zamani da dama babu wayar makulli a bayan rediyo ko kaɗan. Wani ɗan baƙin akwati da aka rubuta wa CANBUS, wanda ke rataye a damin wayoyin, shi ke karanta saƙon kwamfutar mota ya samar da wutar jar wayar. Idan ka ga wannan akwati, kada ka yanka komai. Ka kai wa mai wayarin da ya saba da irin motarka, ka gaya masa ainihin abin da mita ta nuna maka.

Bayan an gano wayar batir ta gaskiya a soket ɗin motar, a haɗa ta da mai ruwan ɗorawa ita kaɗai, a matse da mahaɗi ko a yi mata dalma, sannan a rufe. Murɗawa da hannu a naɗe da tef ba ta jure wa ramukan hanya da zafin bazara.

4. Daidaita yankin lokaci da inda ake ɗauko shi

Ka shiga "Settings", sannan "System", sannan "Date & time". Abu biyu ne a nan waɗanda mutane ke ɗauka ɗaya ne: saita lokaci kai tsaye, da saita yankin lokaci kai tsaye. Na farkon a bar shi a kunne. Na biyun a kashe shi, domin yakan dogara ne da layin waya, kuma yawancin rediyon nan babu sim a cikinsu. Tauraron ɗan adam na GPS lokacin duniya guda ɗaya yake aikowa. Rediyon ne ke ƙara ko rage awanni gwargwadon yankin da aka zaɓa masa.

Yawancin waɗannan na'urori a China ake ƙera su, kuma wasu suna isowa a kan lokacin can, wato GMT+8. Najeriya tana kan GMT+1, saboda haka bambancin awa 7 ne cif: ƙarfe 8 na safe a Kano, allon yana nuna 3 na rana. Ka zaɓi Najeriya ko Legas ko GMT+01:00 da hannunka. Nijar da Kamaru da Chadi da Jamhuriyar Benin duk lokacinsu ɗaya da Najeriya, don haka mai zuwa Maraɗi ko Damagaram ko Garwa ba ya buƙatar taɓa komai. Mai zuwa Kumasi ko Accra zai rage awa ɗaya tun daga shigarsa Togo, mai zama a Sudan kuma ya zaɓi GMT+2.

Kuskuren da za a guje wa a nan shi ne zaɓen wani birnin Turai don an ga GMT+1 a gefensa. Faransa da Jamus suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya a ƙarshen watan Maris, su mayar a ƙarshen Oktoba, mu kuwa ba ma yin haka. Wanda ya zaɓi Paris a watan Janairu zai wayi gari a watan Afrilu agogonsa ya yi gaba. Haka kuma kada a bar yankin China a gyara awannin da hannu, domin da zarar rediyon ya ga intanet zai mayar da su inda suke.

Idan akwai zaɓi tsakanin lokacin GPS da na intanet, ni na fi son GPS, saboda ba ya buƙatar data kuma yana aiki a dajin da babu sabis. Sharaɗinsa shi ne 'yar eriyar nan mai kama da akwatin ashana ta ga sama. Masu sa rediyo da yawa suna cusa ta a bayan rediyon a tsakanin ƙarafa don kada waya ta fito fili. Gurbinta shi ne saman dashbod kusa da gilashin gaba, ko ƙarƙashin robar dashbod inda babu ƙarfe a samanta. Ka fitar da motar fili, ka ba ta 'yan mintuna, ka ga ko lokacin ya zauna.

5. Dawo da layin saman allo

Yanzu da lokaci ya yi daidai, sai batun nuna shi, kuma a fara da hanya mafi sauƙi. Android yana da siririn layi a saman allo mai ɗauke da agogo da alamar Wi-Fi. Ba rediyon ne ke ɓoye shi ba a mafi yawan lokuta, manhajar kiɗan ce ke neman cika allo. Ka buɗe saitin manhajar kanta ka nemi abin da aka rubuta "Full screen" ko "Hide status bar", ka kashe. A Poweramp, wadda direbobi da yawa ke amfani da ita, irin wannan zaɓi yana ɓangaren "Look and Feel". Idan manhajar ba ta da shi, ka duba saitin rediyon na kansa, wanda aka fi rubuta wa "Car settings", domin wasu suna da maɓallin tilasta layin ya zauna a kan kowace manhaja.

Idan wannan ya yi aiki kuma idonka yana ganin lambobin daga kujerar direba ba tare da ka sunkuya ba, aikinka ya ƙare a nan, kuma ita ce hanyar da na fi amincewa da ita, domin babu wata ƙarin manhaja da za ta mutu ko ta nauyaya rediyon. Matsalarta ɗaya ce: lambobin ƙanana ne. Ƙara girman rubutu a "Display" yakan taimaka kaɗan.

Akwai kuma masu sauya fuskar farko ta rediyon da manhajoji irin su Agama Car Launcher ko CarWebGuru, waɗanda ke nuna babban agogo tare da sunan abin da ake saurare da maɓallan gaba da baya a fuska ɗaya. Wannan yana wadatar da wanda ba ya yawan shiga cikin manhajar kiɗan, sai dai cikakken amfani da su yakan buƙaci biya.

6. Sanya agogo mai shawagi a kan kowace manhaja

Wannan ita ce amsar ainihin tambayar da aka fi yi. Akwai ƙananan manhajoji da ke zana agogo a saman duk abin da ke allo, kiɗa ne ko taswira. Ka ajiye motar, ka ja birkin hannu, ka bar injin yana aiki don kada batir ya sauka, amma a fili, ba cikin rufaffen gareji ba. Ka kunna hotspot na wayarka ka haɗa rediyon, ka buɗe Play Store, ka rubuta "floating clock" ko "clock overlay".

Wajen zaɓe, ka nemi wadda ke barin a canza girma da launi, a ja agogon zuwa inda ake so a kulle shi a wurin, kuma take da zaɓin tashi da kanta idan an kunna na'ura. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. Ka guji mai yawan talla, domin tallan da ya faɗo a allo kana tsakiyar shataletale ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan saukewa, ka buɗe ta. Za ta nemi izinin bayyana a kan sauran manhajoji, izinin da a mafi yawan lokuta sai mai na'ura ya bayar da hannunsa. Idan ba ta kai ka wurin da kanta ba, hanyar ita ce "Settings", "Apps", "Special app access", sannan "Display over other apps". Ka nemo sunanta ka kunna. Daga Android 8 zuwa sama za ka riƙa ganin sanarwa cewa wata manhaja tana bayyana a kan wasu. Wannan ba matsala ba ce, kuma agogon ba zai iya hawa kan layin saman allo ba, sai dai ƙasa da shi.

Gargaɗi: wannan izini mai nauyi ne, domin manhajar da ta same shi tana iya rufe abin da ke allo da wani abu dabam. Agogo ba shi da wata hulɗa da lambobin wayarka, saƙonninka ko makirfo. Duk wadda ta nemi waɗannan, ka goge ta nan take. Idan rediyonka ba shi da Play Store har ya zama dole ka sa manhajar ta filas, ka ɗauko ta daga shafin masu ita, kada ka karɓi wadda aka turo a zauren WhatsApp, kuma ka kashe izinin "Install unknown apps" da zarar ka gama.

Idan ka nemi izinin ka tarar na'urar ta ce ba ta da shi, mai yiwuwa rediyonka yana kan Android Go ne, nau'in da aka yi wa na'urori masu ƙaramin ƙarfi, wanda daga Android 10 aka toshe wannan izini a cikinsa. A nan sai a koma mataki na 5 ko na 9.

Saura abin da ke sa mutane da yawa su ce hanyar ba ta aiki. Sun saita komai, agogo ya fito, washegari sun tayar da mota babu shi. Dalili shi ne rediyon Android da yawa ba sa mutuwa gaba ɗaya idan an zare makulli, barci suke yi don su tashi cikin daƙiƙa biyu ko uku, kuma kafin su yi barcin sukan rufe manhajojin da ke aiki a ɓoye. Tun da ba tashi ne daga farko ba, manhajar agogon ba ta samun saƙon da ke tayar da ita. Ga jerin abin da za a gwada. A fara da kunna zaɓin tashi da kai a cikin manhajar. Sannan a shiga bayananta a "Apps", ɓangaren "Battery", a zaɓi "Unrestricted" ko "Don't optimize". Bayan haka a duba "Car settings" ko akwai jerin manhajojin da aka yarda su tashi tare da rediyo ko su rayu lokacin barci, a sa ta a ciki. Idan duk bai yi ba, manhajar MacroDroid, wadda ke aiwatar da umarnin da aka tsara mata da kanta, tana iya buɗe agogon duk lokacin da allo ya kunnu. A sa mata jinkirin daƙiƙa 15 zuwa 20 don rediyon ya gama tashi. Ita ma tana buƙatar a cire mata takunkumin batir.

Mafita ta ƙarshe ita ce a kashe barcin gaba ɗaya a saitin rediyon, ya riƙa tashi daga farko duk lokacin da aka murɗa makulli. Za ka riƙa jiran kusan rabin minti kafin kiɗa ya fara, amma agogon zai fito kowace rana. Ka sani kuma cewa idan ka danna "Force stop" a kan manhajar, Android ba zai sake tayar da ita da kansa ba har sai ka buɗe ta da hannunka sau ɗaya.

Kada ka shiga "Factory settings" mai neman lambar sirri kana gwaje-gwaje. A can ne saitin allo da na maɓallan sitiyari suke, kuma kuskure ɗaya yana iya juya allon ko ya kashe sauti.

7. Gurbi da haske

Ka ajiye agogon a kusurwar sama ta ɓangaren direba, inda kallo ɗaya na ƙiftawar ido zai wadatar. Ka tabbata bai hau kan wani maɓalli ba, domin yakan haɗiye taɓawar yatsa. Ka buɗe manhajar kiɗa, ka buɗe taswira, sannan ka taka birki ka sa giyar baya ka ga ko ya rufe wani sashe na hoton kyamara. Farin rubutu a kan ɗan baƙin fili ya fi komai fitowa da rana, kuma a cire daƙiƙu, domin lambar da ke motsi kullum tana jan ido daga titi.

Da dare ka kunna fitilun mota ka duba ko allon ya rage haske. Idan bai rage ba, mai yiwuwa wayar nan mai ruwan goro ce ba a haɗa ba, kuma babban agogo fari a allo mai cikakken haske yana kashe ido a hanyar da babu fitilun titi.

8. Rediyo mai maɓallai

A nan babu manhaja, maɓalli ne kawai. A Pioneer ana saita lokaci a "Clock Set" cikin "System", a Sony kuma a "Clock-Adj". Maɓallin da aka rubuta wa DISP, ko DSPL a Sony, shi ke juya abin da fuskar ke nunawa tsakanin sunan waƙa da lokacin da ta ci da agogo. Ka danna har agogo ya fito ka bar shi a nan. A wasu samfura sai an maimaita wannan a kan FM da USB da Bluetooth ɗaya bayan ɗaya. Ka kashe "Demo", in ba haka ba rubutun talla zai riƙa maye gurbin agogon. Idan akwai zaɓin "CT" ko "Time Sync", wanda ke karɓar lokaci daga tashar FM, kuma ka lura agogon yana canzawa da kansa idan ka sauya tasha, ka kashe shi ka dogara da wanda ka saita.

9. Android Auto, CarPlay da rediyon da ba ya karɓar gyara

Idan wayarka ce ke haɗe da allon ta Android Auto ko Apple CarPlay, agogon da ke gefen allon yawanci daga wayar yake zuwa, don haka a wayar ake gyara shi. Manhajar agogo mai shawagi da aka sa a wayar ba za ta bayyana a allon motar ba.

Rediyon asali da MP5 kuwa, idan saitinsu bai ba da hanya ba, kada a ɓata kuɗi wajen wanda zai ce zai yi musu filashin. Ƙaramin agogon dashbod mai batirin maɓalli, irin LR44 ko CR2032, wanda ake mannawa a gefen allon, ya biya buƙata. A goge wurin da sifirit ya bushe kafin a manna, kuma a zaɓi inda rana ba ta dukansa kai tsaye, domin a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Arewa, fuskar irin wannan agogo takan yi baƙi ƙirin a motar da aka ajiye a rana, gam ɗin kuma ya saki.

10. Awon batir bayan an gama

Duk wanda ya taɓa wayoyi a mataki na 3 ko ya canza saitin barci a mataki na 6, ya yi wannan awo kafin ya mayar da murfin dashbod. A kashe mota, a zare makulli, a rufe ƙofofi. A mayar da jan tsinken mita ramin da aka rubuta wa 10A, a kwance kan batir na negatif, a sa mitar a tsakanin kan batir ɗin da wayar da aka cire. A jira minti 20 zuwa 30 kwamfutocin motar su yi barci. Abin da masu wayarin ke ɗauka lafiyayye shi ne abin da bai wuce wajen 0.05 na amfiya ba. Idan ya zarce haka da yawa, a zare soket ɗin rediyon a sake dubawa. In lambar ta faɗi, to rediyon ba ya barci yadda ya kamata, sai a koma kan jar wayar ko a zaɓi ya riƙa mutuwa gaba ɗaya.

Gargaɗi: kada a murɗa makulli ko a tayar da injin mita tana haɗe a wannan yanayi, domin wutar da sitata ke ja ta ninka ƙarfin mitar sau da yawa. Bayan an mayar da kan batir an ɗaure shi tam, agogon zai buƙaci a sake saita shi ko a ba GPS 'yan mintuna, sannan a maimaita gwajin kwana ɗaya na mataki na 2 kafin a ɗaure sukurori na ƙarshe.